Sunkuyar da Kai a Wasan Golf: Gaskiyar Shawarar da Iyakarta

Babu shawarar da ta fi yawo a filin golf kamar wadda ke cewa mai bugu ya sunkuyar da kai, kada ya ɗago sai ƙwallo ta tashi. Uba yana faɗa wa ɗansa, aboki yana faɗa wa abokinsa, mai ɗaukar jakar sanduna kuma yana tuna wa maigidansa cikin ladabi duk lokacin da ƙwallo ta bi ƙasa tana gangara maimakon ta yi sama. Ana jin ta a St Andrews ta ƙasar Sikotland, inda wasan ya yi ɗaruruwan shekaru, ana kuma jin ta a filayen Kaduna da Kano da Jos da Abuja. Shawarar tana da tushe, domin kan da ke rawa yana ɓata bugu. Sai dai masu horarwa sun daɗe da lura cewa wanda ya ɗauke ta a zahirinta, ya danna haɓa a ƙirji ya kafe ido a ƙasa, yakan ƙara wa kansa wahala. Gane inda take da amfani da inda take cutarwa yana farawa ne daga sanin yadda shi kansa bugun yake tafiya.

Yadda bugu yake tafiya

Golf, wanda wasu jaridu ke kira ƙwallon lambu, wasa ne na kai 'yar ƙaramar ƙwallo cikin ramuka 18, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. Ƙa'ida ta ce faɗin ƙwallon kada ya gaza milimita 42.67, nauyinta kuma kada ya wuce giram 45.93. Tana ajiye ne wuri ɗaya, ba ta gudu, ba kuma wanda zai zo ya ƙwace ta. Duk wahalar tana wajen dawo da bakin sanda daidai inda ya tashi, bayan ya yi doguwar tafiya a iska.

Ɗan wasa yana tsayawa a gefen ƙwallo, ƙafafunsa a buɗe daidai faɗin kafaɗu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Sai ya ranƙwafa daga ƙugu, bayansa a miƙe, hannayensa na rataye riƙe da sanda. Daga nan bugu yana da matakai huɗu, kuma bayanin da ke tafe na mai amfani da hannun dama ne, bahago sai ya juya shi. Na farko shi ne ɗauka, inda kafaɗu ke juyawa dama har bayan mutum ya fuskanci inda ake son ƙwallo ta je, sanda kuma ta hau sama. Na biyu saukowa, inda nauyi ke komawa kan ƙafar hagu, ƙugu ya fara warwarewa, hannaye su biyo baya. Na uku haɗuwar sanda da ƙwallo. Na huɗu rakiya, inda jiki ke ci gaba da juyawa har ƙirji ya fuskanci gaba, dunduniyar dama ta bar ƙasa.

A cikin wannan tafiya bakin sanda yana zana babbar da'ira a karkace. Cibiyar da'irar tana saman ƙirji, tsakanin kafaɗu, ƙasa da wuya kaɗan. Nisanta daga cibiya zuwa gefe kuwa shi ne tsawon hannun hagu haɗe da tsawon sanda. Kowace da'ira irin wannan tana da wurin da ta fi kusa da ƙasa, kuma a nan gizo ke saƙar. Idan da sandar ƙarfe ake bugu, ana son wannan wuri ya faɗo 'yan santimita gaba da ƙwallo, ta yadda sanda za ta same ta tana kan saukowa, sannan ta yanki ciyawa bayan ƙwallon ta tafi. Abin da ke ɗaga ƙwallo sama shi ne kishingiɗar da aka yi wa fuskar sanda tun daga masana'anta: doguwar sandar bugun farko tana da kishingiɗar digiri 9 zuwa 12, ƙarfe mai lamba 7 yana da fiye da digiri 30 kaɗan, sandar fitar da ƙwallo daga ramin yashi kuma wajen digiri 56.

Rabin tsayin ƙwallo wajen milimita 21 ne kawai. Saboda haka idan cibiyar da'ira ta yi sama da ɗan abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba, ko hannu ya lanƙwashe ya rage tsawo da wannan gwargwado, bakin sanda zai sami ƙwallon a samanta, ya aske ta, ta tafi tana birgima. Idan kuma cibiyar ta yi ƙasa da yawa, ko ta tsaya a baya, sanda za ta sari ƙasa tun ba ta isa ƙwallo ba.

Inda shawarar ta samo tushe

Kai yana zaune ne daidai bisa wannan cibiya, kuma shi ne abin da mai kallo ya fi saurin gani. Duk lokacin da ƙirji ya ɗago, kai ma dole ya ɗago. Wanda ke tsaye a gefe ba ya ganin ƙugu ya matsa gaba ko gwiwa ta miƙe, amma yana ganin hula ta yi sama ƙwallo kuma ta lalace, sai ya haɗa biyun ya yanke hukunci. Akwai kuma wani dalili na halitta. Kan babban mutum yana da nauyin da ya kai wajen kilo 5, a cikinsa ne kuma idanu suke, tare da sassan can cikin kunne da ke daidaita tsayuwar mutum. Kan da ke tangaɗi hagu da dama yana jan jiki tare da shi, yana kuma sa ƙwaƙwalwa ta riƙa sake lissafin inda ƙwallo take.

Labarin da ya fi ƙarfafa wannan koyarwa shi ne na Jack Nicklaus, ɗan Amurka da ya ci manyan gasanni 18, adadin da har yau babu namijin da ya kai. Ya fara koyo yana ɗan shekara 10, a 1950, a hannun malaminsa Jack Grout, a filin Scioto da ke birnin Columbus na jihar Ohio. Da Grout ya ga kan yaron yana yawan motsi, sai ya sa mataimakinsa ya tsaya a gabansa ya riƙe masa gashi yayin da yake bugu. Duk motsin da ya wuce kima sai ya ji zafi. Nicklaus ya girma yana ɗaukar natsuwar kai a matsayin ginshiƙin wasansa, ya kuma koyar da hakan ga na baya.

Amma wanda ya dubi hotunan Nicklaus zai ga abin da Grout ya nema. Haɓarsa a ɗage take daga ƙirji, kuma kafin ya fara ɗauka yakan ɗan juya ta dama, don kafaɗar hagu ta sami hanyar wucewa. Ben Hogan ma, a littafinsa na 1957, ya bayyana cewa a ƙarshen ɗauka kafaɗar hagu tana zuwa ta taɓa haɓa, abin da ke yiwuwa kawai idan akwai fili a tsakaninsu tun farko. Abin da waɗannan gwanaye suka riƙe shi ne kai natsattse, wanda ba ya hawa da sauka barkatai, ba ya kuma yawo gefe da gefe. Da koyarwar ta bi baki zuwa baki, sai natsuwa ta rikiɗe ta zama sunkuyo, alhali abubuwa biyu ne mabambanta. Mace mai ɗauke da tulu a ka ta isa misali. Ƙafafunta na tafiya, ƙugunta na juyawa, ruwa bai zuba ba, domin wuyanta a miƙe yake kuma a sake. Da za ta sunkuya ko ta sandare wuya, da tulun bai kai gida ba.

Abin da lissafin lokaci ya nuna

Masu ba da shawarar sukan ce ɗan wasa ya yi ɗokin ganin inda ƙwallo ta nufa, ya ɗago ido kafin ya buge ta. Idan aka auna lokacin da bugu ke ɗauka, wannan zargi yana raunana. A hannun ƙwararre, ɗauka tana cin kimanin kashi uku cikin huɗu na sakan ɗaya, saukowa kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Bakin doguwar sanda yana isa ƙwallo da gudun da ya kai wajen kilomita 180 a awa, kuma haɗuwarsu ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Shi kuwa ɗan Adam, daga ganin abu zuwa motsa gaɓa a kansa, yana bukatar wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Ke nan daga lokacin da sanda ta kama hanyar saukowa, ido ba shi da sauran damar gyara komai. Hatta jijjigar da hannu ke ji bayan bugu, kafin saƙonta ya isa ƙwaƙwalwa ƙwallo ta riga ta bar wurin.

An gwada wannan a aikace. A binciken da Alastair Cochran da John Stobbs suka wallafa a Birtaniya a 1968, an sa 'yan wasa suna bugu a cikin ɗaki, ana kashe fitila ba zato a matakai daban-daban na bugun. Sakamakon ya nuna cewa da zarar saukowa ta fara, ɗan wasa ba ya iya tsayar da sanda ko sauya mata hanya, kuma duhun da ya zo a wannan lokaci ba ya hana shi samun ƙwallo.

Makafi ma suna buga golf, har suna da ƙungiyoyi da gasanninsu. Charley Boswell, Ba'amurke da ya rasa ganinsa a Yaƙin Duniya na Biyu, ya koyi wasan ne bayan ya makance, ya kuma ci gasar makafi ta ƙasarsu sau da dama. Ɗan jagora ne ke saita masa sanda a bayan ƙwallo ya gaya masa nisa, sauran aikin kuwa na tsayuwa ne da juyin jiki. Ido yana da muhimmanci wajen saiti da wajen daidaita jiki, amma abin da ke dawo da sanda inda ta tashi shi ne tsarin da jiki ya riƙe daga farko zuwa ƙarshe.

Ainihin abin da ke sa a aske ƙwallo

Idan aka ɗauki bidiyon wanda ya aske ƙwallo aka rage masa gudu, sau da yawa za a ga idonsa na kan ƙwallon har lokacin haɗuwa. Zargin kai a irin wannan hali barin jaki ne a doki taiki. Dalilan da aka fi samu guda huɗu ne.

Na farko shi ne miƙewa da wuri. Yayin saukowa, maimakon ƙugu ya juya a inda yake, sai ya matso wajen ƙwallo. Da ƙugu ya shigo gaba, ranƙwafawar da aka yi tun farko ta warware, ƙirji ya tashi, kai ya bi shi. Wannan yakan faru ga wanda ƙugunsa ba ya juyawa sosai saboda yawan zama, ko wanda ya tsaya da nauyinsa a kan yatsun ƙafa, ko wanda ya matse kusa da ƙwallo har hannaye suka rasa hanyar wucewa. A nan kai fasinja ne, ƙugu ne direba.

Na biyu shi ne barin nauyi a ƙafar baya. Idan jiki bai koma kan ƙafar hagu ba, wurin da da'ira ta fi kusa da ƙasa zai faɗo bayan ƙwallo. Daga nan ɗayan biyu ne: ko sanda ta sari ƙasa tun da wuri, ko ta tsallake ƙasar ta sami ƙwallo tana kan hawa, ta doke ta a ciki ko a sama. Shi ya sa mutum ɗaya zai sari ƙasa a wannan bugu ya aske ƙwallo a na gaba, yana ganin cuta biyu ce alhali ɗaya ce.

Na uku shi ne ƙoƙarin ɗebo ƙwallo. Sabon ɗan wasa yana ganin kamar sai ya shigar da sanda ƙarƙashinta ya cilla ta sama, kamar mai kwasar hatsi da ludayi. Sai ya kwanta baya, ya karya wuyan hannu, bakin sanda ya riga hannaye isa. Ƙwallon da ke kwance a ƙasa ba ta da ƙarƙashin da sanda za ta shiga, kuma aikin ɗaga ta an riga an ɗora shi a kan kishingiɗar fuskar sanda.

Na huɗu shi ne lanƙwashewar hannu. Idan ƙirji ya daina juyawa ana dab da haɗuwa, hannaye ba su da inda za su, sai gwiwar hannun hagu ta lanƙwashe ta yi waje. Tsawon da aka auna lokacin saiti ya ragu ke nan, sanda ta wuce ta saman ƙwallo ko da kai bai motsa ko kaɗan ba. Ana iya ƙara wurin ajiye ƙwallo a kan waɗannan huɗu, domin idan ta yi gaba da yawa a tsakanin ƙafafu, sanda za ta same ta bayan ta fara hawa.

Illar danne kai

Wanda aka yi ta gaya wa ya sunkuya yakan yi abu biyu, ya tura haɓa cikin ƙirji kuma ya sandare wuya. Dukansu suna da farashi. Cikakkiyar ɗauka tana bukatar kafaɗu su juya wajen digiri 90, ƙugu kuma kimanin rabin haka. Wuyan lafiyayyen mutum yana juyawa digiri 70 zuwa 80 ne kowane gefe, kuma yana raguwa da shekaru. Saboda haka ba zai yiwu kafaɗu su cika juyi fuska tana kafe kamar an buga mata ƙusa ba, dole kai ya ɗan juya ko ya ɗan matsa dama. Idan haɓa tana ƙasa, kafaɗar hagu za ta ci karo da ita a rabin hanya. Daga nan ko juyin ya tsaya, ƙarfi ya ragu, ko kafaɗar ta ture kai sama, abin da ake gudu ya faru.

Wani kuma, don kada kansa ya gusa daga kan ƙwallo, sai ya bar nauyinsa a ƙafar hagu lokacin ɗauka, jikinsa ya karkata gaba. Da ya zo saukowa sai nauyin ya faɗa ƙafar dama, akasin yadda ya kamata. Bugun da ya fito daga nan ba shi da nisa, ba shi da saiti.

Illar ta fi tsanani bayan haɗuwa. Sanda tana tafe da gudu, tana jan hannaye da kafaɗu zuwa gaba. Idan ɗan wasa ya nace sai ya ci gaba da kallon gurbin ƙwallo, ƙirjinsa zai tsaya, hannun hagu ya lanƙwashe, nauyi ya maƙale a baya. Ƙarfin da ya kamata juyin jiki ya shanye sannu a hankali sai ya sauka a wuya da ƙasan baya. A shekarun 1970 an yi yayin gama bugu da baya a lanƙwashe kamar baka, ƙugu a gaba kai a can baya, kuma daga bisani masu horarwa suka bar wannan salo saboda nauyin da yake ɗora wa gadon baya. A yau ana koyar da gamawa a miƙe, kusan dukan nauyi a kan ƙafar hagu, ƙirji da fuska na duban inda ƙwallo ta tafi.

Gwanayen da suka saki kai

Annika Sörenstam, 'yar ƙasar Suwidin, ta ci gasa 72 a babban rukunin ƙwararrun mata na Amurka, 10 daga ciki manya. A 2001 ta zama mace ta farko da ta gama ramuka 18 da bugu 59 a wannan rukuni, a wasan da bugu 72 ne ma'aunin ƙwararre a yawancin filaye. An san ta da daidaiton bugu fiye da kusan kowa a zamaninta. A hotunanta kuwa, lokacin da sanda ke isa ƙwallo, fuskarta ta riga ta fara juyawa gaba tare da ƙirji. David Duval na Amurka ma haka yake yi. Shi ma ya buga 59 a 1999, ya hau matsayi na ɗaya a duniya a wannan shekara, sannan ya ci babbar gasar Birtaniya a 2001.

Abin lura a wurin su biyun shi ne kai yana juyawa ne a kan layinsa, kamar ƙyaure a jikin ƙofa. Ranƙwafawar bayansu tana nan yadda take har ƙwallo ta tashi, don haka cibiyar da'ira ba ta yi sama ba. Juyawa daban, ɗagowa daban. Tiger Woods, mai manyan gasanni 15, ya nuna wani ɓangaren: kansa yakan yi ƙasa a farkon saukowa yayin da yake danna ƙafafu a ƙasa don tara ƙarfi, sannan jiki ya miƙe ana dab da haɗuwa. A bugun doguwar sanda kuma, inda ƙwallo ke bisa ɗan turke ana son samunta sanda na ɗan hawa, kan ƙwararru yana tsayawa bayan ƙwallo har lokacin haɗuwa. Duk cikinsu babu wanda kansa ke tsaye cik. Motsinsu kaɗan ne, mai tsari, kuma iri ɗaya ne kullum.

Inda natsuwar kai ta zama dole

Shawarar ta fi kusa da gaskiya a gajerun bugu. Idan ƙwallo ta iso lallausan filin da ke kewaye da rami, ana gangara ta ne a hankali zuwa ramin da faɗinsa milimita 108 ne kacal. A nan babu juyin ƙugu, babu sauya nauyi. Kafaɗu ne kaɗai ke lilo, sanda kuma na tafiya a hankali, har ɗokin leƙen rami yana iya riga ta. Wanda ya juya kai da wuri yakan ja kafaɗu tare da shi, fuskar sanda ta kauce, ƙwallo ta wuce ta gefe. Shi ya sa ake koya wa mai gajeren bugu ya saurari faɗawar ƙwallo a rami da kunne kafin ya duba da ido.

Joan Vickers, wadda ta koyar a Jami'ar Calgary ta Kanada, ta yi nazarin motsin idon 'yan wasa tun farkon shekarun 1990. Ta gano cewa gwanayen wannan bugu suna tsayar da ido wuri ɗaya a kan ƙwallo na sakan biyu zuwa uku, kuma idon yana ɗan daɗewa a wurin bayan ƙwallo ta tafi, alhali idon marasa ƙwarewa yana tsalle daga nan zuwa can. Jordan Spieth, wanda ya ci manyan gasanni biyu a 2015, yakan kalli rami ne maimakon ƙwallo a wasu gajerun bugunsa. Salon ya bambanta, amma ƙa'idar ɗaya ce, wato ido ya zaɓi wuri guda ya zauna, kai kuma kada ya motsa ana tsakiyar bugu.

Yadda ake horar da jiki

Gyara yana farawa daga tsayuwa. Ana son haɓa ta ɗago daga ƙirji gwargwadon yadda dunƙulen hannu zai shiga tsakani, wuya ya bi layin baya, ido ne zai sauka ya dubi ƙwallo. Mai sanye da tabarau mai gilashi biyu, na nesa da na karatu, yakan sunkuya da yawa don ya ga ƙwallo ta ɓangaren sama, shi ya sa da yawa ke amfani da tabarau na nesa kaɗai a fili.

Don magance miƙewa da wuri, ɗan wasa yana jingina mazaunansa da bango ko bayan kujera, ya rungume hannaye a ƙirji, ya riƙa juyawa dama da hagu ba tare da ya rabu da abin da ya jingina ba. Don koyon inda sanda ke taɓa ƙasa, yana ja layi a kan yashi ko ƙasa, ya tsaya layin na tsakiyar ƙafafunsa, ya riƙa bugu babu ƙwallo har sai kowane sara ya faɗo a kan layin ko gaba da shi kaɗan. Wannan atisaye yana da amfani na musamman a filayen arewacin Najeriya lokacin rani, sa'ad da ciyawa ta bushe ƙasa ta yi tauri. A irin wannan ƙasa sandar da ta sauka bayan ƙwallo tana yin tsalle ta doki cikinta, sai a zaci ɗaga kai ne, alhali sara ne ya faɗo da wuri.

Inuwa ma malama ce. Mai koyo yana juya wa rana baya, ya sa alama a inda inuwar kansa ta faɗi, ya yi bugu a hankali yana kallon ta. Ɗan matsawa dama lokacin ɗauka ba laifi ba ne, abin gudu shi ne inuwar ta fita gaba ɗaya daga alamar. Bugu da ƙafafu a haɗe yana koyar da daidaito, domin duk wanda ya yi tangaɗi zai ji yana neman faɗuwa. Ga wanda ya saba kafe kai kuwa, maganinsa shi ne gajerun bugu da rabin ƙarfi, yana barin kafaɗar dama ta zo ta ɗauki haɓa ta juya ta gaba, ido ya bi ƙwallo tun daga tashinta.

Wayar hannu ta sauƙaƙa gano matsala, domin gani ya kori ji. Ana ɗaukar bidiyo daga wuri biyu. Na gaba, mai fuskantar ƙirjin ɗan wasa, yana nuna ko nauyi ya koma ƙafar hagu da kuma ko hannu ya lanƙwashe. Na gefe, wanda ake ɗauka daga bayan hannaye ana duban inda ƙwallo za ta, yana nuna ko ƙugu ya matso gaba da ko ranƙwafawar baya ta warware. Idan aka tsayar da hoton daidai lokacin haɗuwa aka kwatanta shi da na lokacin saiti, gaɓar da ta fara kaucewa za ta bayyana, kuma ita ce mai horarwa zai sa a gaba. Da ta gyaru, kai yakan zauna inda ya kamata ba tare da an sake ambatonsa ba.